Dagaci da mai unguwa ma suna buƙatar horo

Aikina a sashen raya karkara na ƙaramar hukuma ya nuna mini yadda rijiyar burtsatse take mutuwa. Ba kasafai ruwa ne yake ƙafewa ba. Sau da yawa roba ce ta cinye a famfon tuƙa-tuƙa, abin da mai gyara zai gama a yini guda. Amma babu asusun gyara, babu wanda ya san wa za a kira. Sai mata da yara su koma rafi, gudawa ta biyo baya.

In ka bi diddigi, ranar bikin buɗewa aka damƙa wa dagaci rijiyar, aka yi tafi, aka watse. Ba wanda ya zauna da shi ya nuna masa yadda ake kafa kwamitin kula da ita, har da mata a ciki tunda su ke ɗiban ruwan, ko yadda ake rubuta karo-karon magidanta a littafi a karanta a bainar jama'a. Wannan littafin shi ne komai. Da zarar an fara raɗe-raɗin "ina kuɗinmu?", aikin gayya ya mutu a garin, ko da kuwa ba a ci ko kwabo ba. Haka ma takardar koke: dagatai da yawa ba su san ofishin da za su kai ta ba.

Ana yin taron bita, amma a otal cikin birni, da Turanci, ga mu ma'aikata. Wanda ake kai wa ƙara cikin dare yana can ƙauye.

Mun ga abin da dagatai da masu unguwanni suke iyawa. A 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya. Aka wayar da kan hakimai, dagatai da masu unguwanni, suka shiga gida-gida da masu rigakafin shan-inna. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ranku ya daɗe shugabanni da kansiloli, ku ware wani abu a kasafin kuɗi don wannan horo. A yi shi da Hausa, a ƙofar fadar hakimi, bayan girbi, kuma a karɓi rubutun ajami daga wanda bai yi boko ba.