Sankarar Maƙogwaro a Ƙarƙashin Madubin Bincike

A darasinmu na yau za mu duba nau'i biyu na sankarar da kan kama tushen harshe da tansil, wato tsokokin nan biyu da ke dama da hagun beli. Nau'i na farko taba da giya ne ke haddasa shi. Na biyu kuwa aikin bairos ɗin HPV ne, musamman mai lamba 16, wanda shi ne kan gaba wajen jawo sankarar bakin mahaifa.

Idan likita ya gutsuro ɗan nama daga wurin, akan daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi siriri ƙwarai, sannan a rina shi da rini biyu: hematoksilin, mai mai da cibiyar ƙwayar halitta shuɗiya, da iyosin, mai mai da sauran jikinta ja-ja.

A nau'in taba, ƙwayoyin manya ne, iyakokinsu a fili suke, kuma sukan tara keratin, sinadarin farce da gashi, a dunƙule kamar albasar da aka yanka. A nau'in bairos kuwa keratin kaɗan ne, ko ma babu. Ƙwayoyin sukan cunkushe gungu-gungu, iyakokinsu su dushe, cibiyoyinsu su mamaye wuri har filin ya yi shuɗi. Akan tarar da ƙwayoyi da dama masu rabuwa biyu a cikin gungun, tsakiyarsa kuma sau da yawa ta mutu. Da yake cikin ramukan tansil yake farawa, inda ido ba ya kaiwa, kaluluwa a wuya ce kan zama alamar farko.

Mai kallo zai zaci wannan nau'i ne mafi muni, alhali shi ya fi jin magani. Saboda haka ba a dogara ga kamanni kaɗai. Bairos ɗin yana da furotin mai suna E7 da ke lalata Rb, birkin da ke hana ƙwaya rabuwa barkatai. Da birkin ya tsinke, sai ƙwayar ta yi ta ƙera wani furotin, p16, wanda rini na musamman ke nunawa da ruwan ƙasa. Idan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin suka rinu sosai, an sami shaida mai ƙarfi, kuma gwajin gano bairos ɗin kansa kan tabbatar da ita.

A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wannan nau'i a matsayin ciwo mai zaman kansa. A 2023 kuma Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV.

Tambaya: me ya sa yawan p16 ke nuna cewa Rb ya daina aiki?