Amsoshin Tambayoyinku: Juyin Furoton a Cibiyar Ƙwayar Zarra

Malama Hadiza daga Zariya ta aiko da tambaya a kan abin da ke faruwa a cibiyar ƙwayar zarra idan niyutiron suka yi mata ƙaranci.

Malama Hadiza, cibiyar ƙwayar zarra tana ƙunshe da furoton da niyutiron, kuma idan niyutiron suka yi ƙaranci cibiyar ba ta daɗewa, domin furoton ɗaya yakan rikiɗe ya koma niyutiron, ya saki positiron da niyutirino. Wannan rikiɗa ita ake kira ruɓewar beta. Kowane furoton yana da wata siffa da ake kira juyi, kuma a irin ruɓewar da Gamow da Teller suka bayyana a 1936, juyin yana iya sauya alkibla yayin rikiɗar.

Idan furoton da yawa suka haɗa ƙarfi wajen wannan sauyin juyi, sai ƙarfin ruɓewar ya taru a mataki guda na makamashi, wanda masana ke kira babban amo. A yawancin cibiyoyi makamashin ruɓewar beta ba ya kaiwa ga babban amo, amma a cibiyoyin da niyutiron suka yi wa ƙaranci sosai yana kaiwa, abin da ya ba su daraja ta musamman.

Misali mafi kyau shi ne kuza mai lamba 100, mai furoton 50 da niyutiron 50, wadda rabinta ke ruɓewa cikin kusan daƙiƙa ɗaya. Masana a cibiyar bincike ta GSI da ke Darmstadt a Jamus sun wallafa awon ƙarfin ruɓewarta a 2012.

A ci gaba da aiko da tambayoyi.