Na Rasa Aiki, Kuɗin Fanshona Kuma Sun Maƙale

TAMBAYA: Shekaruna 41. Na yi shekara tara ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa a nan Kaduna, sai aka rage ma'aikata har da ni. Na ji an ce a ƙasashen waje ana biyan wanda ya rasa aiki, shin mu ma akwai haka? Na nemi kamfanin fanshona ya ba ni wani abu daga ajiyata, yau wata uku ke nan kullum sai a ce in dawo mako mai zuwa. Maigidan haya ya fara magana. Ina kuma tsoron kada in cinye kuɗin tsufana tun yanzu. Malam Bala, Malali, Kaduna.

AMSA: Malam Bala, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Abu uku ka tambaya: ko gwamnati na biyan marasa aiki, me ya riƙe kuɗinka, da kuma ko taɓa su kuskure ne.

Kafin komai, ka kwantar da hankalinka, kuɗinka ba su ɓata ba. Na san abin da ke zuwa zuciyar duk mutumin Kaduna idan aka yi maganar haƙƙin ma'aikaci bayan sallama. Kakuri ce. An rufe masaƙar KTL da ke can a 2002, ma'aikatanta suka kwashe shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Amma a wancan tsarin kuɗin suna hannun kamfanin ne, idan ya durƙushe sun tafi tare. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta raba su da mai ɗaukar aiki. Abin da aka zuba maka yana cikin asusu mai sunanka da lambarka, ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom.

Game da tambayarka ta farko, gaskiya babu. A Afirka ta Kudu akwai asusun da ma'aikaci da kamfaninsa ke zuba kashi 1 cikin ɗari kowannensu, a riƙa tallafa masa na ɗan lokaci idan aiki ya ƙare. Najeriya ba ta da irinsa. N-Power da aka fara a 2016 alawus ne da aka riƙa biyan matasan da aka tura aiki, hukumar NSITF kuma diyyar rauni ko rasuwa a bakin aiki take biya. Don haka duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa ka biya kuɗin fom don karɓar "kuɗin marasa aiki", ko ya nemi lambar BVN ɗinka, ɗan damfara ne.

Abin da doka ta ba ka shi ne wanda ka riga ka nema. Wanda bai kai shekara 50 ba, ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa ba. Haƙƙinka ne, ba alfarma kake roƙo ba, ka shiga ofishin kamfanin fanshonka da wannan sanin.

To ina gizo ke saƙar? Mafi yawanci a wajen tsohon kamfanin mutum ne. Doka ta ce a cire kashi 8 daga albashinka, kamfani ya ƙara kashi 10, a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Wasu suna cirewa, ba sa turawa. Ka nemi a buga maka bayanin asusunka tun daga ranar da aka buɗe shi. Ka zauna da biro da takardun albashinka, ka bi wata-wata. Inda ka ga an cire a takardar albashi amma layin watan babu komai a bayanin asusu, ka zagaye shi. Wannan takarda ka kai wa tsohon kamfaninka, ka nemi su biya gibin su kuma rubuta wasiƙar tabbatar da sun tura komai. Akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba a kowane wata a kan wanda ya riƙe, kuma suna sane da ita.

Na biyu, saɓanin bayanai. Muhammad a katin NIN, Mohammed a fansho, ko ranar haihuwa ta bambanta da ta banki. Wanda ya buɗe asusu kafin watan Yulin 2019 sai an sabunta bayanansa tukuna.

Idan ka koma kamfanin fanshon, kada ka sake karɓar "ka dawo mako mai zuwa" da baki. Cikin ladabi ka tambayi jami'in, wace takarda ce ta rage, kuma a teburin wa fayil ɗinka yake? Ka miƙa koke a rubuce, a buga hatimi da kwanan wata a kwafinka. Tun daga watan Yunin 2025 PenCom ta ba kamfanonin fansho ikon amincewa da irin wannan biya da kansu, saboda haka "muna jiran Abuja" ba uzuri ba ne idan takardu sun cika. In shiru ya ci gaba, ka rubuta wa PenCom, tana da ofishin shiyya a Kano. Kuɗin sallama da albashin da kamfani bai biya ba kuwa maganarsu daban ce, ta ofishin ƙwadago ce da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Tsoronka na cin kuɗin tsufa yana da tushe, kuma ya nuna kai mai tunanin gobe ne. Lallai abin da ka cire zai rage fanshonka. Sai dai kashi 75 na nan ana juya shi har ka kai 50, in ka samu sabon aiki kuma a wannan asusun za a ci gaba da zubawa. A ganina magidancin da haya ta taso masa bai yi laifi ba idan ya cire. Ka zauna da uwargida kafin kuɗin su shigo, ku rubuta na haya da na makaranta da ɗan jarin da za a juya. Maigidan hayar kuma ka same shi da kanka, ka nuna masa kwafin takardar mai hatimi, ka nemi ya ƙara maka wata biyu.