Garkuwar da ba ta taɓa zuwa fagen fama ba

Tambaya: A wani shagon tsofaffin kaya a Birmingham na ga garkuwar ƙarfe rataye a bango, jikinta duk zane mai tudu: mala'iku riƙe da makamai, wasu na rikitowa daga sama, a tsakiya kuma mace da namiji suna sauraron wani mai fukafukai. Mai shagon ya ce daɗaɗɗiya ce. An yi yaƙi da ita? In saya?
Daga wani mai karatu a Ingila.

Amsa: Yadda ka siffanta ta, kwafin Garkuwar Milton ka gani, kuma ko kibiya ɗaya ba ta taɓa tarewa ba. Wani Bafaranshe, Léonard Morel-Ladeuil, ya ƙera ta asalin wa kamfanin Elkington na nan Birmingham, aka baje ta a kasuwar baje koli ta Paris a 1867. Labarin da ke jikinta daga waƙar John Milton ne, Paradise Lost, ta 1667: mala'ika Rafayel yana ba Adamu da Hauwa'u labarin tawayen Shaiɗan. Ta asalin tana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan.

Kada kalmar kwafi ta kashe maka jiki. Kamfanin Elkington, da ya yi rajistar fasahar shafa azurfa da lantarki a 1840, shi da kansa ya riƙa fitar da kwafinta. Sai a ɗauki hoton zanen a mazubi, a tsoma cikin ruwan sinadarin tagulla, a saki lantarki, tagullar ta riƙa kwanciya a hankali har ta kwashe kowane layi, hatta gashin fukafuki. Irin wannan kwafi ya haura shekara 100, kuma a ganina aiki ne mai daraja a karan kansa.

Don haka ka ce a sauko maka da ita, ka juya bayanta. Wadda aka yi da lantarki bayanta kan yi gurji-gurji kamar an watsa mata gero, sau da yawa kuma za ka ga tambarin kamfanin. In bayan sumul yake, fuskokin mala'ikun sun dakushe, yatsunsu sun manne, to zubi ne da aka yi daga baya. Maganaɗisu zai tona ta baƙin ƙarfe. Ta roba kuwa ba nauyi, ba sanyi a tafin hannu. Waɗannan adon bango ne kawai, kar ka biya kuɗin kayan tarihi a kansu.

Abu guda da bai kamata ka tsallake ba: surar Annabi Adamu da ta mala'iku ce a jikinta. In kai Musulmi ne, tuntuɓi malaminka kafin ka rataye ta a falo.

In ka saya, don Allah kar ka dirje ta da toka ko soson ƙarfe, azurfar da akan shafa a samanta siririya ce ƙwarai. Tsumma mai laushi, busasshe, ya wadatar.