Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Mulkin Mallaka Ya Iso Ƙasar Katagum?

Tambaya: Don Allah a ba ni tarihin mulkin mallaka. A ina Turawa suka faro shi, kuma ta yaya ya iso mana ƙasar Katagum? Daga wani ɗalibi a Azare.

Amsa: Malam, abin daga neman kasuwa ya faro. A 1415 mutanen Fotugal suka ci garin Sabta a gaɓar Maroko, suka yi ta bin bakin tekun Afirka suna neman zinariya da bayi. A 1492 Kolumbus ya isa tsibiran Amurka da tutar Sifaniya. Ingila kuwa da kamfanin ciniki ta shiga Indiya, wanda aka kafa a 1600, amma bayan yaƙin Plassey na 1757 sai ɗan kasuwa ya rikiɗe ya zama mai mulki. A taron Balin na 1884 zuwa 1885 aka tsara yadda za a yi wa Afirka rabon kashi, babu ɗan Afirka ko ɗaya a zauren.

To, haka nan aka bi da mu. A watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, Baturen nan Clapperton ya sauka a birnin Katagum da Malam Zaki ya kafa, tare da abokin tafiyarsa Dokta Oudney, wanda ya rasu a Murmur bayan sun bar garin. An karɓe su hannu bibbiyu. Clapperton ya harba bindiga ya sami abin da ya auna, Sarki ya yafa masa riga. Shi kuwa baƙo yana ta rubuta yadda ganuwa take da abin da ake sayarwa a kasuwa.

Bayan shekara 79 aka dawo, wannan karon da igwa. Baturen Ingila Lugga ya riga ya kafa tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairun 1900. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, Katagum kuma ta miƙa wuya a shekarar ba tare da yaƙi ba. Maƙwabciyarta Haɗejiya ta ja daga a 1906, aka kashe Sarki Muhammadu.

Turawa ba su rushe sarauta ba, sai suka hau kanta. Sarki na nan da rawaninsa, amma Razdan da Di'o ke da ta cewa, haraji da jangali kuma suna shiga baitulmalin En'e. A 1916 aka maido fadar masarauta Azare, a 1926 aka haɗa masarautar da Lardin Bauchi, inda take har aka sami 'yancin kai a 1960.

Shi ya sa, malam, Sarkin Katagum yake zaune a garinku na Azare har gobe.