BABI NA SHA ƊAYA: HAƊA TSOHON RUMBUN AJIYA DA SABUWAR KWAMFUTA

11.0 Gabatarwa

Tun daga shekarun 1990 sassan koyar da harsuna a manyan makarantu suka fara adana ayyukansu a kwamfuta. Kundayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa da muryoyin mawaƙa da na dattawan da aka yi hira da su a fagen bincike, da dama daga cikinsu suna kwance a cikin kwamfutocin da suka daina tashi. Sau da yawa wani sashe ne na kwamfutar ya ƙone, rumbun da bayanan ke ciki kuwa lafiyarsa lau. Matsala kan taso ne idan aka ciro rumbun aka haɗa shi da sabuwar kwamfuta, ita kuma ta ƙi ganin sa. A nan ne wasu kan yanke hukuncin cewa ya mutu su yar da shi, wasu kuma su goge shi da hannunsu a bisa rashin sani. Ana iya sake buga kundi idan akwai kwafinsa na takarda, amma muryar dattijon da ya rasu ba ta sake ɗaukuwa.

A wannan babi za a yi bayanin abin da ke hana tsohon rumbu aiki a sabuwar kwamfuta, da matakan gano matsalar bi da bi, da kuma hanyar kwashe bayanan ba tare da an yi asara ba.

11.1 Keɓaɓɓun Kalmomi

Ga ma'anar muhimman kalmomin da aka yi amfani da su:

i. Rumbun ajiya: Ƙaramin akwatin ƙarfe mai ɗauke da faya-fayai masu juyawa, wanda ake adana bayanai a cikinsa ko da an kashe wuta.

ii. Uwar allo: Babban allon da dukkan sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa. Masu gyara kan kira ta madabod.

iii. Akwatin wuta: Sashen da ke karɓar wutar lantarki daga bango ya rage ƙarfinta ya rarraba wa sauran sassa.

iv. Manhajar tashi: 'Yar manhajar da ke zaune a jikin uwar allo, wadda ke fara aiki da zarar an kunna kwamfuta. Tsohon nau'inta shi ne BIOS, sabon kuma UEFI.

v. Babbar manhaja: Manhajar da ke gudanar da kwamfuta baki ɗaya, kamar Windows ko Linux.

vi. Adafta: Na'urar da ke shiga tsakanin mahaɗai biyu masu bambancin siga don su yi aiki tare.

11.2 Tushen Matsalar

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da rumbun ajiya na farko a 1956. Yana da faya-fayai 50, kuma abin da yake iya ɗauka bai wuce kimanin haruffa miliyan 5 ba. Daga wannan lokaci rumbu ya yi ta ƙanƙancewa, cikinsa na ƙara faɗi, hanyar haɗa shi da uwar allo ita ma tana sauyawa. Hanyoyi biyu ne suka shafi wannan darasi.

Ta farko ita ce IDE, wadda ta bayyana a 1986, daga baya aka riƙa kiran ta PATA. Rumbu irin wannan yana da haƙora a jere sahu biyu a bayansa, masu gurbi 40. Kebul ɗinsa faffaɗa ne kamar ɗamara, tsawonsa bai wuce santimita 46 ba, kuma yana iya ɗaukar rumbu biyu a lokaci guda. Wutarsa tana shiga ta wani mahaɗi na daban mai ramuka 4.

Ta biyu ita ce SATA, wadda ta fara yaɗuwa daga 2003. Kebul ɗinta siriri ne mai haƙora 7, na wutarta kuma mai haƙora 15, sannan kowane rumbu da nasa kebul. Daga 2006 kamfanin Intel ya fara cire IDE daga cikin sassan da yake ƙera wa uwar allo, sannu a hankali har mahaɗin ya ɓace daga sababbin kwamfutoci. Ke nan mai tsohon rumbun IDE ba zai sami inda zai cusa shi a uwar allo ta zamani ba, sai ya nemi adafta. Tsohon rumbun SATA kuwa yana shiga sabon mahaɗi kai tsaye, domin an tsara sababbin su yi aiki da tsofaffi.

11.3 Abubuwan Lura Kafin a Fara

Da farko, a kashe kwamfuta a zare wayarta daga bango kafin a cusa ko a cire wani abu. Na biyu, mai aikin ya taɓa ƙarfen jikin akwatin kwamfutar kafin ya ɗauki rumbu, kuma ya riƙe shi ta gefe. Dalili shi ne jikin mutum kan tara wata 'yar wuta, irin wadda ke sa riga tartsatsi idan an cire ta a cikin duhu. Wannan wuta ta fi taruwa lokacin hunturu saboda bushewar iska, kuma tana iya ƙona allon da ke ƙarƙashin rumbu. Na uku, a tanadi tsayayyar wuta, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki kan ƙara wa tsohon rumbu rauni. Na huɗu, a tanadi wurin da za a kwafe bayanan tun kafin a kunna, saboda rumbun da ya daɗe a ajiye yana iya tashi sau ɗaya ya ƙi sake tashi.

Akwai kuma ƙa'idar da ta shafi dukkan matakan da ke tafe: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a gwada, sannan a wuce gaba. Wanda ya sauya kebul da adafta da saiti a tashi ɗaya ba zai san wanne ne ya yi gyara ko ya ƙara ɓarna ba.

11.4 Matakan Gano Matsala

Ana bin matakan ne daga waje zuwa ciki, domin kowane mataki ya dogara a kan wanda ya gabace shi.

11.4.1 Wuta

Tambaya ta farko ita ce: rumbun yana juyawa? Faya-fayansa kan yi juyi 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, don haka idan aka ɗora yatsa a kan murfinsa za a ji ɗan motsi da gunji. Idan shiru aka ji, a duba mahaɗin wuta. A cikin wayoyinsa 4, ruwan ɗorawa tana ɗauke da bolt 12, ja tana ɗauke da bolt 5, baƙaƙe biyun kuma na ƙasa ne. Babban rumbu na kwamfutar tebur yana buƙatar duka biyun, ita kuwa kafar USB ta yau da kullum bolt 5 kawai take bayarwa. Saboda haka adaftar USB ba za ta tayar da babban rumbu ba sai an haɗa mata nata abin jawo wuta. Ƙaramin rumbun IDE na kwamfutar cinya ya bambanta, domin haƙoransa 44 ne, kuma ta cikinsu wutarsa ta bolt 5 ke shiga.

Idan rumbu na ƙara ƙas-ƙas a kai a kai, ko ana jin kamar ana karce ƙarfe, a kashe shi nan take. Wannan alama ce ta cewa hannun da ke karanta faifai ya sami matsala, kuma ci gaba da kunna shi zai iya kankare bayanan. Kada a buɗe murfinsa, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ɓata faifai. Irin wannan sai ƙwararru masu kayan aiki.

11.4.2 Kebul da 'Yar Hula

Idan rumbu na juyawa lafiya, sai a koma ga kebul. Faffaɗan kebul na IDE yana da jan layi a gefe ɗaya, wanda dole ya dace da haƙori na 1. A yawancin rumbuna wannan haƙori yana ɓangaren da ke kusa da mahaɗin wuta. A duba ko wani haƙori ya lanƙwashe. Amma kada a tsorata da giɓin da ke tsakiyar sahu, domin da gangan aka cire haƙori na 20 don hana cusa kebul a juye.

Tsakanin mahaɗin kebul da na wuta akwai wasu 'yan haƙora da ake ɗora wa wata 'yar hular roba. Ita ce ke nuna matsayin rumbu idan biyu suka haɗu a kebul ɗaya: ko shugaba, ko mabiyi, ko kuma a bar wa kebul zaɓi. A jikin rumbu akan rubuta su da MA da SL da CS. Yawancin adaftoci sun fi son rumbu a matsayin shugaba, don haka wanda a tsohuwar kwamfuta mabiyi ne, sai an mayar da hularsa. Wasu rumbunan Western Digital kuwa cire hular baki ɗaya suke buƙata idan su kaɗai ne a kebul. Har wa yau a tabbatar adaftar ta haɗa rumbun IDE da uwar allo mai SATA ce, domin akwai mai yin akasin haka.

Ga rumbun SATA, a gwada wani kebul, sannan a gwada wata kafa. A wasu uwayen allo, cusa sabuwar ma'adana a gurbin M.2 kan kashe ɗaya daga cikin kafofin SATA. Littafin da ke zuwa tare da uwar allo kan faɗi ko wacce ce.

11.4.3 Manhajar Tashi

Da zarar an kunna kwamfuta, a danna maɓallin shiga manhajar tashi, wanda galibi F2 ne ko Del. A nemi jerin ma'adanan da aka haɗa. Idan sunan rumbun da girmansa sun bayyana daidai, to wuta da kebul sun kuɓuta daga zargi. Idan bai bayyana ba, a duba ko an kashe kafar da yake kai daga cikin saiti. Sannan a tabbatar cewa sabon rumbu ne a farkon jerin waɗanda kwamfuta za ta tashi daga gare su.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ƙoƙarin tayar da sabuwar kwamfuta da babbar manhajar da ke cikin tsohon rumbu. Tsofaffin rumbuna suna bin tsarin rabo na MBR, wanda BIOS ke tashi da shi, UEFI kuwa tsarin GPT take nema, sai fa idan tana da saitin CSM mai kwaikwayon BIOS. Ko an tsallake wannan, Windows XP ta 2001 ba ta san tsarin AHCI da sababbin kafofin SATA ke bi ba, don haka takan tsaya da shuɗin shafi mai lamba 0x0000007B. Wannan shafi ba shaida ba ne cewa rumbu ya lalace. Mafita ita ce a tashi da sabon rumbu, a bar tsohon a matsayin na biyu.

11.4.4 Babbar Manhaja

Wani lokaci manhajar tashi takan ga rumbu amma ya ƙi fitowa a jerin da Windows ke nunawa. Sai a buɗe sashen da ake kira Disk Management. Idan rumbun yana nan amma ba shi da harafi, a ba shi wanda ba kowa a kai, kamar E ko F. Idan an nuna an dakatar da shi, a mayar da shi bakin aiki.

A wannan gaɓa ce aka fi tafka asara. Windows takan tambaya ko a yi wa rumbu fomatin, ko a aza masa sabon tsarin rabo, kafin a yi amfani da shi. Amsar ita ce a'a. Tambayar na nufin Windows ta kasa karanta tsarin da ke ciki ne kawai, ko don ya sami rauni, ko don na wata babbar manhaja ne kamar Linux. Wanda ya amsa da e ya share taswirar da ke nuna inda kowane fayil yake, garin neman gira ya rasa ido. Abin da ya dace shi ne a kwafi rumbun sukutum zuwa wani lafiyayye, a yi aikin ceto a kan kwafin.

11.5 Kwashe Bayanai

Idan rumbu ya buɗe, a fara da abin da ba shi da madadi, wato muryoyi da hotuna da sakamakon jarrabawa, kafin sauran. A rumbun da ya yi aiki da Windows XP, kayan mai kwamfuta suna cikin jakar Documents and Settings, a na bayanta kuma suna cikin Users.

Akwai abin da ya keɓanta ga malamin Hausa. Kafin tsarin Unicode ya zama ruwan dare, ana buga haruffa masu ƙugiya ne da keɓaɓɓun samfuran haruffa, irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Waɗannan samfura suna aron gurbin wasu alamomi ne su sa ɓ da ɗ da ƙ a ciki. Idan aka buɗe kundin a kwamfutar da ba ta da samfurin, sai baƙin alamomi su bayyana a gurbin haruffan, har a zaci kundin ya lalace. Don haka a kwafe jakar Fonts da ke cikin jakar Windows ta tsohon rumbu tare da kundayen. Daga baya a musanya alamomin da haruffan Unicode domin rubutun ya karantu a ko'ina. A ƙarshe a ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban.

11.6 Kammalawa

An ga cewa rashin bayyanar tsohon rumbu a sabuwar kwamfuta yakan samo asali ne daga ɗaya cikin wurare huɗu: wuta, ko kebul, ko manhajar tashi, ko babbar manhaja. An kuma nuna cewa bin su a jere ne ke bayyana inda matsalar take. Alamu biyu ne ke wajabta dakatawa, wato baƙuwar ƙara daga cikin rumbu da tambayar fomatin. Manufar aikin ita ce kwashe bayanai. Bayan an kwashe, ba a sake dogara da tsohon rumbu wajen ajiya.

11.7 Auna Fahimta

1. Kawo bambance-bambance uku tsakanin rumbun IDE da na SATA.

2. Me ya sa adaftar USB kaɗai ba ta tayar da babban rumbu?

3. Wata malama ta haɗa tsohon rumbu, yana juyawa, manhajar tashi ta gan shi, amma Windows ta nemi a yi masa fomatin. Wace shawara ta dace a ba ta? Kawo dalili.

4. An kira uwar allo da wannan suna ta hanyar fassara, madabod kuma ta hanyar aro. Tattauna fa'ida da naƙasun kowace hanya wajen koyar da 'yan firamare.

5. Zaɓi kalmomi biyar daga wannan babi, ka bayyana dabarar da aka bi wajen samar da kowace, sannan ka kawo madadin da kake ganin ya fi dacewa.