KADA KA ƘONE KARAN SHINKAFA: ABINCIN SHANU NE, TAKIN AUDUGA NE

Ya ku manoman auduga, ga wata magana game da fadama wadda amfaninta zai komo gonar auduga.

Da yawa cikinku kuna da 'yar fadamar shinkafa bayan gonar auduga. Waɗansu kuwa suna kusa da manyan wuraren noman rani, kamar Bagare a bakin kogin Nakambe, ko Bama inda aka buɗe noman shinkafa na kwarin Ku a 1970. In kaka ta yi aka buge shinkafa, sai ka ga an tara kara an cinna masa wuta. Hausawa sun ce kowa ya ƙone rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. To, mai ƙone karan shinkafa rumbu ya ƙone, ba kuwa wanda zai sayi tokar.

Ka lura, shinkafa ta kan bar abu uku. Akwai kara, wanda nauyinsa ya kan kai na shinkafar da ka girbe. Akwai buntu, watau ɓawon nan mai kaushi. Cikin buhu mai kilo 100 na shinkafar da ba a casa ba, wajen kilo 20 buntu ne. Sa'an nan akwai dusa mai laushi. Kowanne da aikinsa.

1. KARA DON SHANUN HUƊA

Auduga tana son shuka da wuri. Wanda ya makara, ya rage wa kansa awo tun bai tsinka ba. Amma ruwan fari ya kan tarar da shanu a rame, sun sha wuyar bazara, ba su iya jan garma. Ga inda kara ke da rana.

Busasshen kara shi kaɗai cika ciki ya ke yi, ba ya ƙara ƙarfi. Amma in an jiƙa shi da yuriya, takin nan fari da ka ke ba auduga, sai ya yi taushi, amfaninsa ya ƙaru. Ga yadda a ke yi:

Auna kara kilo 100. Narka yuriya kilo 5 cikin ruwa lita 50. Shimfiɗa karan cikin rami ko wani ɗaki, kana yayyafa ruwan kana tattakewa, hawa bisa hawa. Rufe da leda, ka danne gefe da ƙasa, kada iska ta shiga. Bayan mako 3 ka buɗe. Ɗebi na yini guda ka baza a inuwa, warin ya fita, kana ka ba shanu. Fara da kaɗan har su saba, ka kuma ba su ruwa isasshe.

Hattara! Kada dabba ta sha ruwan yuriya, ko ta lashi takin, gama yana kisa. Kada ka ba doki, ko jaki, ko ɗan maraƙi mai shan nono. Na shanu ne da tumaki da awaki manya. Kada kuma ka ƙara yuriya bisa awon da aka faɗa.

2. KARA DON RAMIN TAKI

Gonar da a ke shuka auduga shekara da shekaru ta kan gaji. Takin zamani yana ciyar da shuka, amma ba ya mayar wa ƙasa jikinta. Shi ya sa ka kan ga mutum ya ci bashin taki, ya zuba, amfanin bai biya bashin ba.

Haƙa rami mai tsawon mita 3, faɗi mita 3, zurfi mita 1, kusa da rijiya. Zuba kara, ka bi da kashin shanu, ka barbaɗa toka. In ka sami garin dutsen fosfat na Kojari, da ke gabashin ƙasarmu, barbaɗa shi ma. Yayyafa ruwa, ka sake wani hawa, har ramin ya cika. Juya shi bayan kowane mako 2. Tura sanda ciki ka zaro. In da ɗumi da danshi, aiki yana tafiya. Cikin wata 3 zai zama baƙin taki mai sanyi. Malaman gona sun ce a zuba tan 5 a hekta guda bayan kowace shekara 2, kafin huɗa.

Karan da shanu suka rage ma ka shimfiɗa musu a turke. Zai sha fitsari da kashi, sa'an nan ka kwashe zuwa rami.

3. BUNTU DON MURHU

Buntu ba abincin dabba ba ne, kaushinsa ya yi yawa. Amma yana cin wuta. Matan Bama da Bagare masu turara shinkafa suna dafawa da shi cikin murhun ƙarfe da aka ƙera dominsa, sun huta da sayen itace. A kan kuma shimfiɗa shi a ɗakin kaji. Tokarsa da shararsa duk su koma ramin taki.

4. DUSA DON KASUWA

Hausawan Wagadugu sun daɗe da sanin kiwon rago. An rushe tsohon zangonsu na Zangwetin a 2003, suka watsu cikin unguwanni, amma kiwo bai bar birni ba. Wanda ya leƙa kasuwar dabbobi ta Tangin gab da Sallar Layya zai ga yadda a ke neman dusa. Sai dai ƙananan injuna su kan haɗa dusa da buntu. Tankaɗe taka, ka sayar da mai kyau, mai saye zai komo. Kada ka ajiye ta da daɗewa, gama tana da mai, ta kan yi wari.

ABIN TUNAWA

Kara ya ciyar da sa, sa ya ja garma ya ba da taki, taki ya tayar da auduga. Bana in ka buge shinkafa, kwashe karan tun bai sha raɓa ba, ka ɗora bisa rumfa. In wani abu ya shige maka duhu, tambayi malamin gona na yankinku.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.